Makiyayin Bisa Ƙofa

Barcelona, Maris 1911

Yaya Tecla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da autanmu Biel.

Har yanzu ina cocin nan da ginshiƙanta ke karkace kamar sun sha giya. Aikina kwaɓa farar ƙasa: a shafe mutum da ita, ta bushe, a cire siffarsa, masu sassaƙa su kwaikwaya a dutse. Maigida Sabater, mai zanen ginin, yana neman wanda za a cire siffarsa don makiyayin da za a kafa bisa ƙofa. Duk ƙaton da na kawo sai ya kore shi, wai ya miƙe kamar sandar fitila. Ya ce, "Genís, ka taɓa ganin itacen zaitun da ya miƙe?"

Sai na ba shi labarin doron Biel. Ki turo mini shi.

Ƙaninki,
Genís

Falset, Afrilu

Genís,

Muna lafiya. Kai ne dai nake shakkar lafiyar kanka.

Tun ranar da yara suka bi shi da jifa a kasuwa, Biel bai ƙara taka ƙofar gida ba. Ko burodi sai na tura masa ɗaki. Shi ne za ka kafa a dutse, Barcelona duka ta yi masa dariya har abada? Ina tsoro, wallahi. Ban gaya masa ba, amma ka san muryata, ya ji ina zaginka a madafa. Da safe na tarar ba shi, ba takalmansa. In wani abu ya same shi, kada ka sake kira na Yaya.

Allah ya shirye ka.
Tecla

Barcelona, Afrilu

Yaya, ina gaisuwa. Ya iso lafiya, ki sauke hannu daga ka.

Mun sa masa karan shaƙar iska a hanci, zan fara shafa, sai ya dage yana miƙe baya har gumi na zuba, don ya fito kamar kowa. Maigida ya ce, "Yaro, wa ya aike ka? Tsaya yadda Allah ya tsayar da kai." Biel ya saki jiki. Na ga hawaye, na yi kamar ƙura ce.

Genís

Barcelona, Mayu

Yaya, ina gaishe ki da kyau. Ni ne Biel.

Ba zan dawo yanzu ba, ina taya Genís kwaɓi. Ki aiko hulata.

Jiya aka ja siffata da igiya aka ɗora bisa ƙofa don gwaji. Na tsaya cikin mutane ina jira a yi dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, wannan makiyayi ya sha ɗaukar 'yan raguna!" Kowa ya zo shiga sai ya ɗaga kai. Yaya, tunda aka haife ni ba wanda ya taɓa ɗaga kai don ya dube ni.

Ki zo ki gani.

Autanki,
Biel