Ai Ba Haihuwar Fari Ba Ce

Gummi, daren Laraba, kakar 1984

Na sauka da la'asar, mace, amma raina a ɓace yake. Tun hantsi naƙuda ta kama ni ina sussukar shinkafa. Na faɗa wa Inna, uwar mijina, sai ta ce, "Daure, ɗiyata, ai kin san hanya." Ta yafa gyale ta tafi suna.

Haihuwar fari a gidanmu na Anka na yi ta, mata sun kewaye ni. Yau ni kaɗai na durƙusa ina cizon zane kada maƙwabta su ji. Ungozoma cibi kawai ta yanke.

Yanzu kowa yaba dauriyata yake. Wace dauriya? Hannun mutum na nema in riƙe, ban samu ba.