Kwalbar Ƙarshe ta Zumar Pepe

Anti Rosalind, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure kuma lokaci yana ƙure mini.

Ni ce matar nan da kowace makaranta ke da irinta, mai tashi a taron iyaye ta yi wa'azi a kan sukari. Tun da na yaye 'yata Odile alewa ba ta kwana a gidana ba. Ranar da yara ke shigar dodanni suna bin ƙofa-ƙofa karɓar alewa, tana dawowa nake zazzage jakar a shara in miƙa mata tuffa. Tafarnuwa, citta, ruwan ganye kore shar wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha, duk na ɗura mata. Har cika baki nake yi cewa duk garin nan namu na jihar Vermont a Amurka babu yaron da garkuwar jikinsa ta kai ta Odile.

To amma ubana Armand, wanda take kira Pepe, sana'arsa ta gado haɗa zuma ce daga ruwan itacen mepul. Duk ƙarshen hunturu yana huda itatuwansa, ya tara ruwan a bokitai, ya yi ta dafawa a bukka har ya yi kauri. Na san sarai da na juya baya yake zuba mai zafi a kan ƙanƙara, ya naɗe a tsinke ya ba ta. Ta dawo leɓe duk danƙo, su biyun suna kallona kamar waliyyai.

Watan Oktoba yarinya ta fara shan ruwa ba ƙoshi, fitsari ba iyaka, ta rame sai idanu. Asibiti suka ce ciwon sukari ne nau'i na ɗaya, allura har ƙarshen rayuwa. A nan barandar asibitin na wanke Baba tas, na ce burinsa ya cika, ya kashe mini 'ya da zumarsa. Ya sa hularsa ya fita.

Washegari likita ta zaunar da ni ta ce zaƙi ba shi ya kawo wannan ba. Wai ƙwayoyin jini masu tsaron jiki ne suka ruɗe, suka far wa ƙwayoyin da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, a wata 'yar gaɓa bayan tumbi, suka yi ta kashe su a ɓoye tun kafin mu ga alama. Wato sojojin da nake tutiya da su, su suka ci gida! Ta ƙara da cewa daga yanzu kada in fita ba zaƙi a jaka, don in sukarinta ya faɗi shi ne ceto. Anti, ni ce yau nake yawo da alewa har a aljihun rigar sanyi. Matan da na yi wa wa'azi suna gani, suna gaishe ni da fara'ar da ta yi yawa.

Ga inda gizo ke saƙar. In sukarin Odile ya faɗi sai ta rikice, ta yi ta rawar jiki, ta ture duk abin da na ba ta, sai zumar Pepe kawai take buɗe wa baki. Na sayo ta kanti na juye a kwalbarsa, ta gane, ta ce in daina raina mata hankali. Kwalbar ƙarshe saura kaɗan a gindi. Shi kuwa Baba ya rufe bukka, bai wanke bokiti ko ɗaya ba, jiya mijina Curtis ya wuce ya ga masu katako sun shafa wa itatuwan jan fenti, alamar zai sayar musu su sare. Ruwan mepul ya kusa fara zuba.

Tambayata: ta yaya zan sa ya fasa sayarwa ya koma dahuwa ba tare da na ba shi haƙuri ba? Ai shi ma ya yi shekaru yana cin amanata. Ko in aika Curtis?

Uwa Mai Alewa a Aljihu

*

'Yata Mai Alewa,

Curtis bai zagi kowa a barandar asibiti ba, ki bar bawan Allah ya huta.

Sannu da jinya. Abin da ya fito bakinki ran nan tsoro ne, duk uwa ta san shi. Kuma ki sauke kaya ɗaya: kamar yadda zumar babanki ba ta jawo ciwon ba, haka tafarnuwarki ba ta jawo shi ba. Akwai gado a ciki, akwai abin da masana har yanzu ba su gano ba. Na san wannan ne ya fi ci miki rai, don ciwo mai mai laifi ya fi sauƙin ɗauka.

Amma bayanin likita bai tuna miki da kowa ba? Mai gadi ne da ya cika ƙwazo, ya rasa ɓarawo, ya juya kan ɗan gida. Su ƙwayoyin nan ba su da bakin ba da haƙuri, abin da suka rusa kuma ya rusu. Ke kina da baki, naki bai gama rushewa ba tukuna.

Kina da gaskiya a wuri ɗaya: ba wa yarinya zaƙi a ɓoye dole ya ƙare. Da can wasan kaka da jika ne, yanzu kuwa duk abin da ta ci sai an san yawansa an daidaita allura. Ki tafi da babanki asibiti a koya masa gwaji, da alamomin faɗuwar sukari, da abin yi. Ki tambaye su yadda Odile za ta ci rabonta na kan ƙanƙara bana, a gaban idonki. Su kuma taimake ki ta saba da wani zaƙin, don ran yarinya bai kamata ya rataya a kwalba ɗaya ba.

Kin rubuto kamar zuma ce ke ƙarewa. Ni abin da na gani shi ne, ke an zaunar da ke an yi miki bayani tun Oktoba, babanki kuwa ba wanda ya gaya masa. Tsohon nan ya kwashe hunturu guda yana ganin shi ya cuci jikarsa, har ya yanke wa itatuwan ubansa hukunci. Ke kaɗai ce kika san ba shi da laifi, kika riƙe.

Ki je yau, da ƙafarki, ki riƙe hannun Odile. Kalma uku ce, Baba yi haƙuri, sai kuma ki faɗa masa abin da likita ta ce. Fenti yana wankuwa, itacen da ya sha zarto ba ya tashi.

Allah ya ba Odile lafiya, ya sa ki riga masu katako isa.

Anti Rosalind