Harajin Gidan Arlo

Litinin, 17 ga Yuni, 2019
Ƙanena Dwayne ya ja ni gwanjon bashin haraji a ofishin gunduma. "Yaya, kuɗin da mijinki ya bari barci suke yi a banki. Ki biya harajin da ake bin wani gida. In mai shi ya zo fansa ki ci riba, in bai zo ba gida ya zama naki." Na sayi ɗaya. Lamba kawai na gani a takardar, ba sunan mai gidan.

Laraba, 19 ga Yuni
Ashe gidan Arlo ne, tsohon da ke gyara min injin yankan ciyawa. Benci ɗaya muke zama a coci.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Sabon haraji ya zo, Arlo bai biya ba, na biya. Dwayne ya ce haka ake yi, duk abin da na zuba kan bashin yake hawa, da ruwansa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Arlo ya miƙe a coci, hula a hannu. Wai ya je ofis ba da haƙuri aka ce an riga an biya harajin bana. Don murna bai tsaya jin sauran bayanin ba. "Ko wane ne wannan bawan Allah, tun rasuwar matata ba wanda ya tuna da ni haka." Aka yi ta tafi. Har da ni. Kunya kamar in nutse.

Asabar, 20 ga Maris, 2021
Dwayne ya kawo takardar karɓe gidan. "Sa hannu mana, Yaya. In shekara uku ta cika ba ki motsa ba, ko sisi ba za ki gani ba." Na ce sai na nemo tabarau.

Talata, 4 ga Mayu
Arlo ya gyara injin, ya ƙi karɓar kuɗi. "Bar shi, Lorna, ni ma wani ya yi min." Na buɗe baki, abin da ya fito wai ko zai sha kofi. Da ma ban bi Dwayne gwanjon nan ba.

Asabar, 18 ga Yuni, 2022
Wa'adi ya cika jiya, kuɗina sun tafi. Dwayne sai kira yake. Ba yafewa na yi ba, mantuwa ce.
Na dai tambayi matar ofis ko mutum zai iya biya wa wani harajin Nuwamba ba tare da an rubuta sunansa ba. Tambaya ce kawai.