Umma Ta Ce In Ci Girma, Alhali Ni Ne Ƙarami

Zuwa ga Mama Hajara,

Mama, don Allah ki taimake ni ki raba mana wata gardama, domin idan aka ci gaba a haka zan faɗi maganar da ba ta ɗaukuwa, kuma dama bakina ba ya jiran izinina. Ina karanta filinki a mujallar majami'armu, na ga ba kya tsoron kowa, shi ya sa na kawo ƙara wurinki.

Mu biyu ne maza a wurin Ummanmu, ni da yayana Yahaya. Muna zaune ta wajen Kufena, amma sana'armu tana cikin birnin Zariya. Marigayi babanmu ɗan cikin ganuwa ne, ya bi Almasihu tun yana saurayi, sai dai wansa, Baffa Alhaji Mamman, bai taɓa yanke zumunci da shi ba. Shi ya ba Baba zauren gidansa yake ɗinki a ciki, da Baba ya rasu kuma ya ce mu 'ya'yansa ne, mu ci gaba da zama.

Yaya aikin hannu yake yi, irin na manyan riguna, aska biyu da aska takwas. Riga ɗaya sai ta cinye masa wata da watanni. Ni kuwa aikin keke na koya, wuyan kaftani da bakin hannu, kafin ya gama aska ɗaya na sallami mutane da yawa sun tafi biki sun dawo.

To ga inda matsalar take. Zauren irin na da ne, bango mai kauri, babu taga sai wata 'yar kafa can sama wadda ko ƙadangare sai ya matse ciki zai wuce. Duk hasken a bakin ƙofa yake. Nan Baba yake zama, nan Yaya ya gada ya shimfiɗa tabarmarsa. Ni kuma aka jefa ni lungun ciki, daidai ƙofar shiga gida, inda duk matar da za ta wuce sai na tsayar da aiki, na janye ƙafa, na sunkuyar da kai na gaishe ta. Akuyar Baffa ta fi kowane kwastoma sanin inda nake zama.

Na haƙura da haka shekara da shekaru. Bana Allah ya buɗa min na sayi sabon keke mai aiki da wuta, soket kuwa ɗaya ne a zauren, kuma a bakin ƙofa yake. Na je na sami Yaya cikin ladabi, iyakar ladabin da nake da shi dai, na ce mu yi musanyar wuri, tunda ni ne mai jawo mutane, in masu wucewa suka ga keken suka ji ƙararsa za su tsaya, shi ma ya samu. Ya ce a'a. Ko kai bai ɗago ba. Sai na ja waya ta bisa tabarmarsa har lunguna. Ya yi tuntuɓe da ita sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya zare ta daga soket ina tsakiyar wuyan rigar wani malami daga unguwar Kongo, zare ya cukurkuɗe, aikin ya lalace.

Ranar na yi magana, Mama. Na ce aikinsa na gidan tarihi ne. Na ce mutumin da zura zare a allura kaɗai yake cinye masa hantsi, yana lasar zare, yana karkata allura wajen ƙofa, yana runtse ido kamar mai neman wata, me zai yi da wuri mai kyau? Da ba haka yake ba, yanzu ne ya ɗauko wannan nawar, ina jin don ya ƙular da ni ne.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Karatuna a Littafi Mai Tsarki na Baba na ƙarasa shi, da allunan shaguna, saboda haka abin da na karanta da idona ba mai juya min shi. Ina cikin wannan fushi sai na ci karo da labarin Ibrahim da Lutu, lokacin da wuri ya yi musu kaɗan makiyayansu suka fara faɗa. Wa ya sassauta? Ibrahim, babba. Wa aka ba zaɓi? Lutu, ƙarami. Mama, har tsalle na yi. Washegari na bari sai da Yaya yana tare da wasu dattawa biyu masu karɓar riga, na kwashe labarin kaf na faɗa masa. Dattawan Musulmi ne, sun san Annabi Ibrahim sun san Annabi Lutu, har suna gyaɗa kai. Na rufe da cewa ko a al'adarmu babba ake ce wa ya ci girma.

Sai Yaya ya soke allurarsa a riga, ya ce tun ranar da aka haife ni yake cin girma. In tsokar nama ɗaya ce a miya, a ce ya ci girma. In keken hawa ne, ya ci girma. In na fasa masa abu na riga shi kuka, ya ci girma. Ya ce ya ci girma har ya ƙoshi, yanzu azumin girma yake yi, kada a kawo masa. Dattawan nan suka yi ta dariya har ɗaya yana share hawaye da hannun riga, kuma ba shi suke yi wa dariyar ba.

Tun daga ranar ba ma gaisawa. Abin haushin, mashin ɗaya muke hawa zuwa aiki, kuma nasa ne. Kullum da safe ya tayar, in hau baya, in riƙe ƙarfe don kada rigata ta taɓa tasa, mu shiga birni kamar ɗan acaɓa da fasinjan da suka yi faɗa kan canji. Umma kuma ta ƙi raba mana kwanon abincin rana, sai mu ci kowa na kallon bangonsa.

Shekaranjiya Baffa ya kira mu. Ya ce zaurensa wurin sallama ne, tun da yake bai taɓa jin an ɗaga murya a cikinsa ba sai a kanmu, har maƙwabta na tambayarsa ko lafiya 'ya'yan ƙanensa. Ya ce in ba mu shirya ba kafin azumi ya kama, zai karɓi makullinsa ya ba mai sayar da ƙanƙara. Kin san kuwa aikin Sallah shi ne rabin shekararmu, kuma ba mu da wani wurin.

Na koma gida na kai ƙara wurin Umma, ina da tabbacin abin da za ta ce, tunda shi take faɗa tun ina rarrafe. Sai ta dube ni ta ce, wannan karon ni zan ci girma. Ni. Auta. Mama, tunda nake ban taɓa jin an ce ƙane ya ci girma ba. Ina zan samo shi? Girman nan ai nasa ne, da shi aka haife shi.

Abin da nake roƙo, ki rubuta a fili cewa bisa ga Littafi babba ne yake sassautawa, in kai wa Umma da Yaya su gani da idonsu. Ba na son mu rasa zauren Baba, kuma, tsakanina da ke, shirun nan ya fara damuna, don duk garin nan ba wanda yake gane barkwancina kamar Yaya. Amma gaskiya ai gaskiya ce.

Naki,
Auta mai keke, cikin birnin Zariya


Ɗana Auta,

Na karanta wasiƙarka na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Azumin girma. Ka gai da min yayanka, ka ce bakin ba a wurinka kaɗai ya tsaya ba.

Bari in fara da inda kake da gaskiya, don kana da ita. Keke mai wuta yana buƙatar soket, mai sana'a yana buƙatar a gan shi, kuma wanda ya girma bai kamata a bar shi a lungun da aka ajiye shi yana yaro ba tare da an tambaye shi ba. Yayanka bai kyauta ba da ya amsa maka da kalma ɗaya, bai kuma kyauta ba da ya zare waya kana tsakiyar aikin mutane. Mu iyaye ma muna da namu kason. Mukan ce wa babba ya ci girma saboda shi ne ba zai yi birgima a ƙasa ba, har ƙaramin ya tashi yana zaton haka Allah ya tsara duniya.

Amma takardar da ka nema ba zan rubuta ba, domin ka rufe Littafin da wuri. Labarin bai ce Ibrahim ya sassauta don shi ne babba ba. A al'adarsu, kamar tamu, babba ne yake fara zaɓa. Haƙƙin nasa ne, ya ajiye shi da kansa, kuma dalilin da ya bayar guda ɗaya ne, cewa su 'yan'uwa ne. Ba wanda ya je ya karanta masa aya a gaban baƙi. Ka kuma lura, wurin ya ambata cewa akwai waɗansu al'ummai zaune a ƙasar a lokacin. Suna kallo, kamar yadda maƙwabtan Baffanku suke kallon 'ya'yan ƙanensa Kirista. Sannan ka buɗe shafukan gaba ka ga inda Lutu ya ƙare da wurin da idonsa ya zaɓa masa, da wanda ya tashi ya je ceto shi. Kai da kanka ka zaɓi zama Lutu a labarin nan. Ni da za ka tambaye ni, da ban ba ka shawarar haka ba.

Ka ce ina za ka samo girma. Ubangijinmu Yesu ya amsa wannan tun da almajiransa suke gardamar wane ne babba a cikinsu. Ya nuna musu cewa girma a wurinsa na wanda ya yi wa sauran hidima ne, ya kuma ɗaura tawul ya wanke musu ƙafa. Bai tambayi shekarar haihuwar kowa ba. Umma ba ta yi kuskuren harshe ba. Ta dube ka ta ga namijin da zai iya ɗaukar abin da yayansa ya daɗe yana ɗauka shi kaɗai. Yabo ne ta yi maka, kai kuma ka kawo min ƙararta.

Yanzu abin da ya fi damuna, kuma kai ka rubuta shi da hannunka. Mai aikin hannu da ya fara karkata allura wajen ƙofa yana runtse ido, alhali da ba haka yake ba, ba nawa yake yi ba. Ina kyautata zaton idonsa ne ya fara gajiya, kuma bai gaya wa kowa ba saboda abincin iyalinsa a idon nan yake. Kai wurin nan talla kake nema da shi. Shi gani yake nema. Keke yana aiki a ƙarƙashin ƙwan fitila, aska takwas ba ta yi. Manzo Bulus ya gargaɗe mu kowa ya duba bukatar ɗan'uwansa, ba tasa kaɗai ba, to ga ta nan a gabanka kullum kana yi mata dariya.

Ba kowane abu ake sassautawa ba. Da zalunci ne ko cuta, da na ce ka tsaya. Wannan kuwa wurin zama ne, kuma yana da magani mai sauƙi. Ka nemi izinin Baffa, ka kira mai gyaran wuta ya bi da waya ta jikin bango ya sa maka soket a lungunka, da ƙwai mai haske, da fitila mai caji saboda ranar da aka ɗauke wuta. Ka rataye kaftani biyu da ka fi alfahari da su a bakin ƙofa, su yi maka tallar. In an kwana biyu zuciya ta yi sanyi, ka ce kai ma kana son a duba maka ido, ya raka ka asibiti, a duba ku tare. Kada ka ce masa ka gane. Sannan ku je wurin Baffa tare ku ba shi haƙuri tun kafin ya sake kiranku. Dattijon da ya riƙe zumunci bayan addini ya raba hanya ya cancanci ya ji shiru a zaurensa.

Saura mai wuyar, wadda na san za ta fi sayen waya tsada a wurinka. Idan ka yi duk wannan, kada ka yi shela. Kada ka ce ka bar masa, kada ka ce ka ci girma, kada ka kawo aya. Wanda ya sassauta yana gori bai sassauta ba, faɗan ya canza wa salo. Mai yiwuwa Yahaya ba zai ce komai ba ranar farko, mai dogon azumi ba ya buɗe baki da sauri. Kai dai gobe da safe, kafin ya tayar da mashin, ka tsaya a gabansa ka ce masa ina kwana, Yaya. Daga nan ka yi shiru ka jira amsa, ko da bakinka zai yi ƙaiƙayi.

Ubangiji ya riƙe muku zauren babanku, ya ƙara wa yayanka hasken ido, kai kuma ya sa wa harshenka linzami mai laushi. Allah ya kawo aikin Sallah mai yawa, har ku rasa lokacin faɗa.

Taku,
Mama Hajara