Na bar mai tsaron gidanmu ya durƙusa shi kaɗai a Lyon

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, da fatan kun wuni lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ina zaune a Saint-Denis, ina aikin sauke kaya a kasuwar Rungis. Muna da ƙungiyar balo ta 'yan ƙasarmu, ni ne kaftin. Bana aka gayyace mu Lyon, gasar 'yan Afirka mazauna Faransa, inda kowace ƙungiya ke jeruwa a sa mata taken ƙasarta kafin wasa. To akwai abokinmu da aka kama a gida saboda abin da ya rubuta a waya, har yau iyayensa ba su san inda yake ba. A cikin jirgin ƙasa muka ƙulla cewa da an saki take dukanmu za mu durƙusa. Kuma wa ya kawo shawarar? Ni. Ni ne mai baki, ni ne mai "in ba mu yi ba wa zai yi?"

Da muka isa na leƙa fili, sai ga wayoyi sama ko'ina, ga wasu dattawa da manyan riguna a layin gaba, ba hira, ba dariya, kallo kawai. Nan na gane duk wanda ya durƙusa, hotonsa zai kai gida. Na bi yara ɗaya bayan ɗaya ina raɗa musu, "An fasa, laisse tomber." Mutum ɗaya na tsallake, mai tsaron gidanmu, bari in kira shi Sani. Na san in na faɗa masa zai tsaya gardama ya kira ni matsoraci gaban kowa, sai na ce a raina ai in ya ga ba wanda ya motsa shi ma zai tsaya. Na manta Sani rufe ido yake duk sa'ad da aka sa take. Wallahi da kiɗan ya tashi ya rufe ido ya kai gwiwa ƙasa, shi kaɗai, har aka gama, ni kuwa ina gefensa hannu a ƙirji kamar mutumin kirki.

Kafin mu dawo Paris bidiyon ya kai Zinder. Washegari kawuna ya kira, shi da ke aiki a wani ofis da ba ma tambayarsa me ake yi a ciki. Gaisuwar ma a gajarce. Ya ce, "Na gan ka, Allah ya yi maka albarka, ka tsaya kamar ɗan halak. Wannan na kusa da kai fa, ɗan gidan wa ne?" Na ce, "Kawu, ai ƙuruciya ce kawai." Ya ce, "Ba wannan na tambaye ka ba." Jama'a, na faɗa. Sunansa, sunan babansa, har unguwa. Me ya hana ni cewa ban sani ba? Me ya hana ni kashe wayar in ce réseau ne ya yanke kiran?

Sani bai san komai ba. A zatonsa tsoro ne ya kama yara a fili, har haƙuri yake ba ni, wai kada in ji haushinsu. Yanzu mahaifiyarsa na kwance asibiti, jiki ya yi tsanani, sunansa take kira, ya sayi tikiti. Ƙanwarsa ta ce wasu mutane sun zo gida sun gaida Malam, babansu, sun tambayi yaushe ɗan Faransa zai zo duba Hajiya. Da Sani ya ji, dariya ya yi, ya ce, "Frère, ka ga na zama star." Ni ban yi dariya ba. Jiya kawu ya sake kira, ba zancen komai sai, "Abokin nan naka, a wane jirgi zai sauka?" Na ce zan tambaya.

In na gaya wa Sani gaskiya na rasa shi, in kuma ya fasa tafiya kawu zai san daga bakina ta fito, ga iyayena a can, Sani kuma wataƙila ba zai ƙara ganin uwarsa ba. In na yi shiru, ni zan ɗauke shi a mota in kai shi filin jirgi ranar Juma'a, don ni ya roƙa, ya ce ba wanda ya yarda da shi kamar ni. Tsoro nake ji, wallahi ko abinci ba ya shiga.

Me zan yi?