Malam Buhu da Taɓaryata

Assalamu alaikum, Malam.

Ka yi haƙuri in na dame ka a makwancinka. Na san ba mai kai maka wannan wasiƙa, ba kuma za ka karanta ta ba. Sai dai tun ina amarya duk abin da ya shige mini duhu kai nake tambaya, har yau bakina bai saba da wani ba.

Gida lafiya lau. Damina ta yi albarka, ƙanenka ya aiko mana da gero daga Guna. Lemun tsamin da ka dasa ya yi ƴaƴa, yaran Zango sun fi mu sanin ranar da ya nuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ɗalibarka ce Hadiza, ƴar garin Hamdara, mai siririyar murya. Ka tuna ta? Ita ce ta faɗi jarrabawar diplom ta masu agajin ambilans bara. Abin da aka rubuta duk ta sani, amma da aka ce ta danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, sai hannunta ya rikice, ta yi sauri nan ta yi sanyi can. Mahaifinta ya ce bana ce ta ƙarshe, in ba ta samu ba ta koma gida. Ranar Juma'a ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi mini gaisuwa, ta daɗe tana wasa da gefen hijabinta kafin ta tambaye ni ko Malam Buhu yana nan.

Ina zai je? Ranar rabon gado ba wanda ya kalle shi. Yana ƙuryar ɗakinka, sanye da tsohuwar rigarka mai ruwan toka.

Ka tuna rigimar da muka yi a kansa? Ka ce mutum-mutumin roba na lakwal, makarantarku, ɗaya ne tak, ɗalibai kuwa garke guda, don haka za ka yi naka. Ni kuma na ce ba za a ajiye mini siffar mutum a gida mala'iku su daina shiga ba. Ba ka yi mini dariya ba, Allah Ya saka maka. Ka ce to a yi shi ba fuska, ba ido, ba baki. Ni na ɗinka shi da hannuna, buhun gero da audugar rimi, kai kuma ka cusa masa galan a ƙirji don ya riƙa lotsawa yana dawowa.

Daga nan duk lokacin da jarrabawa ta matso, tsakar gidan nan bayan la'asar ba wurin taka ƙafa. Wannan a kwance an naɗe masa kai da bandeji, wancan an ɗaure masa ƙafa da karan dawa. Kana cewa agogo yana ruɗa su, su bar kallonsa su saurari turmin Inna, wato ni. Ni da maƙwabciyarmu Ya Falmata mu kama lugude, ita ta buga in buga, kowane bugu dannawa ɗaya. In yaro ya yi nawa ka ce taɓarya ta bar shi a baya, mara lafiyarsa ya tafi. Ya Falmata ta ce saura a ba mu namu diplom.

Ina yi maka mita, ina cewa ga injin niƙa a bakin titi ka maishe ni ƴar daka. Malam, mitar baki ce kawai. Da gangan nake ɓoye tiyar gero don ranakun nan. Ban taɓa jin ni da kai aiki ɗaya muke yi ba kamar lokacin da kake ƙirga da bugun hannuna. Me ya hana ni faɗa maka? Kunya ce, kuma na zaci akwai sauran lokaci.

Tun da na fita takaba ban taɓa taɓarya ba sai zuwan Hadiza. Rigar nan ma ban so a taɓa ta, don har yanzu da sauran ƙamshin turarenka a wuyanta. Amma na ce a raina, kai da ka sa masa ita don yara su danna, ni ce zan hana? Na fito da shi na shimfiɗa a tabarma, na leƙa katanga na kira Ya Falmata. Kullum yanzu muna yi, Hadiza ta kawo ƙawayenta biyu. Hannunta ya fara zama.

To ga damuwata. Mun tsufa, Malam. Kafaɗar Ya Falmata tana ciwo, ni ma numfashina ba kamar da ba. In lugudenmu ya yi sanyi ba mu sani ba fa? In yarinyar nan ta ɗauki bugun da bai kai ba, ta faɗi, ko ta je ta danna ƙirjin ɗan wani da shi, alhakin a wuyan wa? Ta gwada da agogon salularta ta ce daidai muke. Na yarda da ita, amma ka san yarinya mai kunya, ko ba daidai ba ne za ta iya kallon idona ta faɗa? Da kai ne, daga zaure za ka ɗaga murya ka ce mu ƙara wuta.

Jarrabawar sati mai zuwa ce. Allah Ya kai haske kabarinka, Ya sa ladan kowane ƙirji da yaranka suka tayar ya iske ka. Gobe bayan la'asar za mu sake dakawa. Ka kasa kunne, in mun yi sanyi ka sanar da ni, ko a mafarki ne. Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Taka,
Innar ɗalibai, mai turmi.