Ranar da Na Ƙona Mitar Makaranta

Litinin, 3 ga Maris
Na ƙona mitar auna gudun wuta a ɗakin gwaji. Maimakon in sa ta cikin layi, sai na haɗa ta kai tsaye da bakin batir biyu. Allura ta buga ƙarshe, ƙauri ya tashi. Malama ta ce, "Ke, a wace duniya kike?" Ni kuwa hankalina na shafi na tamanin na littafin soyayyar da nake karantawa, inda saurayin ya biyo budurwar tasha cikin ruwan sama. Aji ya ɗauki dariya, na rasa inda zan sa kaina. Za a sake mini gwaji Alhamis ta sama. In na faɗi, ni da ajin kimiyya sai dai hange.

Laraba, 5 ga Maris
Ban ci abincin kirki ba. Mama ta lura.

Asabar, 8 ga Maris
Mama ta tura ni shagon Kawu mai gyaran rediyo. Da ya ji labari, dariya har da riƙe ciki. "'Yar gidan Kawu, ni uku na ƙona kafin in iya." Ya ce batir turi yake yi, wuta gudu, kwan fitila kuma mai tare hanya. A ƙara turi, gudu ya ƙaru. A ƙara mai tarewa, ya ragu. "Ke kin buɗe mata hanya fetal, ba dole ta yi ɓarna ba?" Ya sa na jera kwai biyu a layi ɗaya, suka raba turin, haskensu ya dusashe. Na cire ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Wayyo! Ni dai soyayya na gani a nan, amma ban faɗa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Abin da ya shiga mahaɗar waya shi ke fita, ko ɗigo ba ya ɓata. Sau huɗu na auna, Kawu bai ƙosa ba. Allah ya saka masa.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau aka sake mini gwajin. Turi shida, tarewa sha biyu, na yi lissafi na rubuta gudu zai zama rabi tun kafin in haɗa. Allura ta tsaya cak a kan rabi. Malama ta ce, "Ashe kin iya." Alhamdulillahi.

Juma'a, 14 ga Maris
Na ce wa Mama gobe zan koma shagon Kawu. Ta ce, "Gwajin bai ƙare ba?" Na ce shagon ne ya yi ƙura, yana son shara.